Gasasshen ots da tuffa: ina na kuskure?

Maman Hanif, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema. Tun da Oktoba ya kama, safiya ta zame min yaƙi. Ƙarfe bakwai gari bai gama wayewa ba, ga sanyi, ga yara uku kowa da tasa rigimar, ni kuma ƙarfe takwas nake kama aiki. Makon jiya wata abokiyar aikina ta zo da wani abu a roba, ots ne, hatsin nan na Quaker, aka gasa da tuffa da kirfa, ana yanka shi da wuƙa kamar kek. Ta ce ran Lahadi da daddare take yi, su yi ta ci har Laraba, ɗumamawa kawai. Na ɗanɗana, wallahi ya yi min. Jiya na ce bari in gwada. Abin da ya fito daga oben ɗina ba zan iya sa hotonsa a nan ba saboda mutuncina. Sama ya bushe, ƙasa caɓa-caɓa, tuffar kuma ta ɓace gaba ɗaya, sai tsaminta. Hanif ya leƙa ya ce, "Mama, wannan tuwon waye?" Wa ta san inda na kuskure?

Anti Rabi, Toronto:
Wa alaikumussalam. Kafin a yi miki fatawa sai kin amsa tambaya uku. Wane irin ots kika sa? Madara nawa? Wace tuffa?

Maman Hanif:
Anti, ots ɗin nan ne na 'yan ƙananan leda da ake zuba wa ruwan zafi, su ne a gidan. Na farke guda takwas. Madara na zuba kofi uku, ko ma ya ɗan fi. Tuffa kuma manyan korayen nan da aka rubuta Bramley, na ga sun fi araha a kilo.

Anti Rabi:
To ai ba kuskure ɗaya kika yi ba, uku ne reras, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya ɓata miki aiki.

Ots ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duk ƙwaya ɗaya ce. Akwai wanda aka datsa ƙwayar kawai da ƙarfe, kamar ɓarzajjen masara, wannan yana cin wuta. Akwai wanda aka turara aka danne shi ya yi fale-fale, mai faɗi, shi ne na gashi. Akwai wanda aka ƙara murƙushewa don ya dahu da wuri. Sai na ƙarshe, naki, wanda an riga an dafa shi an busar, shi ya sa ruwan zafi kawai yake jira. Kin ɗauki abin da minti biyu ya ishe shi kin ba shi minti arba'in a wuta cikin kogin madara, me kike so ya zama in ba kunu ba?

Ga yadda nake yi, shekara da shekaru ban canza ba. Ots mai faɗi kofi 2, wajen giram 200 ke nan. Madara kofi 2 da ɗan ragi, ki ce mililita 400. Ƙwai 2. Bakin foda ƙaramin cokali 1. Kirfa ƙaramin cokali 1 da rabi. Gishiri rabin ƙaramin cokali, kada ki raina shi, in babu shi abin lami yake fitowa. Narkakkiyar bota babban cokali 3, zuma babban cokali 4. Tuffa manya 2. Ki haɗa busassu a kwano ɗaya, ki kaɗa masu ruwa a wani, ki juye ki gauraya. Kwanon gashi mai faɗin santimita 20, ki shafe shi da bota. Wuta 180, a namu oben na nan 350 ke nan, minti 35 zuwa 40. In ya fito kada ki taɓa shi sai ya huta minti goma, a nan yake kama jikinsa. Rabin masu cewa nasu bai yanku ba, gaggawa ce kawai.

Hajiya Talatu, Kano:
Ikon Allah. Ni dai tun tasowarmu Quaker a gwangwani muka san shi, kuma ba a fito da shi sai mutum ya kwanta rashin lafiya ko an yi baƙon da ake jin nauyinsa. A dama, a zuba madara da sukari, shi ke nan. Yanzu har da ƙwai da oben? 'Yata Maman Hanif, me ya sami koko da ƙosai? Me ya sami kunun gyaɗa? Ko shi ma an hana shi biza?

Maman Hanif:
Hajiya, ƙosai da asubar fari a gidan Ingila? Ranar da na gwada, ƙararrawar hayaƙi ta tashi unguwa, maƙwabciyata ta fito da rigar barci. Ga tagogi a rufe saboda sanyi, yara suka tafi makaranta rigunansu na ƙanshin mai. Ran Asabar muke yinsa yanzu, shi ma sai na buɗe ƙofar baya.

Hajiya Talatu:
To Allah ya kyauta. Zama a ƙasar da ƙosai ke tara wa mutum jama'a.

Fati, Notingham:
Anti Rabi, na yarda da biyu, amma ban yarda Bramley kuskure ba ce. Ku yi haƙuri, 'yar garinmu ce, dole in tsaya mata. Asalinta wani ƙaramin gari ne nan kusa da mu, Southwell, a 1809 aka shuka ƙwallon da ya zama itacen farko, kuma duk Oktoba suna yi mata biki. Tuffar girki ce, ba ta ci ɗanya ba. Halinta ke nan, in ta ji wuta ta narke ta zama kamar auduga. Laifin Maman Hanif shi ne ta cusa ta cikin ƙullun, ruwanta ya ƙaru a kan madarar da dama ta yi yawa. Ni yanka ta nake yi in shimfiɗa a ƙasan kwanon, in barbaɗa sukari cokali ɗaya da kirfa, sannan in juye ots a kai. In kin yanko sai ki tarar da ƙasan kamar an shafa miki jam mai ɗan tsami. A sama kuma in jera wata mai tsayawa da ƙafarta, Cox ko Braeburn. Tuffa iri biyu, aiki iri biyu.

Anti Rabi:
Ƙanwata, wannan dabara ce, na karɓa. Mu a nan McIntosh ce mai irin wannan hali, 'yar Ontariyo ce ita ma, tana narkewa. Amma mai koyo da yara uku da aiki ƙarfe takwas, a bar ta ta fara da abu ɗaya tukuna. Granny Smith ko Gala, a yanka ƙanana kamar na miya, shi ke nan.

Fati:
Gala ba ta da wani ɗanɗano in an gasa ta, zaƙi ne kawai da ruwa. Amma na yi shiru.

Ummu Khalil, Minesota:
Ba ki yi shiru ba ai, kin faɗa. Ni Honeycrisp nake sa wa. Jami'ar Minesota ce ta samar da ita, 1991 aka fitar da ita, mutanen nan ji suke da ita kamar yadda Zazzagawa ke ji da rake. Tsada ce matsalarta a kanti. Amma ƙarshen Satumba muna ɗaukar yara zuwa gonakin da ake biya a shiga a tsinka da hannu, mu cika jaka. Matsalar ita ce yara ba su san ya isa ba. Bana mun dawo da abin da ya fi ƙarfin cinmu, kuma gaskiya wannan ne ya koya min gasa ots, ba wai ƙauna ba. Tuffa ta fara laushi a kwando, ba ka iya zubarwa, ba mai son ci. A oben kuwa ba wanda zai gane ta kwana biyu.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan na Anti: ina gurza tuffa ɗaya a magogi in sa cikin ƙullun, ɗayar in yanka. Gurzajjiyar tana ba shi laushi da zaƙi, sai in rage zuma zuwa cokali biyu, in rage madara kaɗan. Ba na fere ɓawon.

Bilkisu, Jos:
Ina ta karantawa ina haɗiyar yawu. Ku kuna neman yadda za ku yi da tuffa, mu nan ɗaya-ɗaya ake sayar mana da ita a tire, yawanci daga Afirka ta Kudu aka kawo, da 'yar takardarta a manne. In na sayi biyu na gasa, maigida sai ya kira taron dangi. Tambayata biyu. Me zan sa a madadinta? Sannan ba ni da oben, ko da ina da shi ma wutar ba ta zama minti arba'in.

Zainabu, Liyon:
Bilkisu, ki sa fiya mana, lokacinta ne yanzu, ta ma fi tuffa laushi.

Bilkisu:
Fiya a cikin ots? A gasa? Yaya Zainabu, ba za ta yi ɗaci ba?

Fati:
Tsaya, tsaya. Ba fiya ɗaya kuke magana ba. Bilkisu tana nufin mai ƙaton ƙwallo da ake shafawa a burodi. Zainabu tana nufin 'yar uwar tuffa mai siririn wuya kamar gora. Don Allah Bilkisu kada ki gasa taki, za ki tsine mana.

Zainabu:
Wayyo, ku gafarce ni. Na manta a Najeriya wancan ake kira haka. Mu a Maraɗi ba mu taso da ko ɗaya ba, a nan Faransa na san su duka. To ta nan nake nufi. Tana da ruwa sosai, don haka wadda ba ta gama nuna ba ake sa wa, mai ɗan tauri. Kuma citta ta fi dacewa da ita a kan kirfa, ku gwada ku gani. In na samu ɓaure a kasuwar Lahadi ina tsaga shi biyu in jera a sama, amma daga tsakiyar Oktoba ya fara ƙarewa. Faransawa dai ba su san wannan abin ba sosai, su burodi da bota da kofi ne safiyarsu. Maigidana ma da farko cewa ya yi abincin doki na ba shi.

Ɗan Saskatun:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe a zauren nan ina satar girki ban taɓa magana ba, amma yau an taɓo unguwarmu. Yaya Zainabu, ki gaya wa Yaya bai yi ƙarya ba, dawaki na ci. Amma mu nan Saskacewan shi ne geronmu. In ka fita bayan gari a watan Agusta gonakinsa ne iya ganinka, kuma Kanada ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi waje. Duk da haka ni ɗalibin da ke zaune a tsakiyarsa na kasa gasa shi. Na sayi datsattsen nan da Anti Rabi ta fara ambata, don na ji an ce ya fi lafiya, na bi wani bidiyo. Minti arba'in, na fito da shi, kamar ina tauna tsakuwa. Na ci dai, don kuɗina ne.

Anti Rabi:
Sannu ɗana. Shi datsattsen in dole sai shi, jiƙa shi za ka yi a madarar tun dare a firij, ka ƙara ruwa, ka ba shi wajen awa guda a wuta. Amma me ya kai ka? Ka sayi mai faɗi ka huta. Kuma ka riƙa magana, ba ma cizo.

Hajiya Talatu:
Yaro ka yi aure.

Ɗan Saskatun:
Hajiya ina kan digiri na biyu ne, a sa mu a addu'a.

Ummu Khalil:
An bar Bilkisu a tsaye. Bilkisu, ayaba. Wadda ta nuna har ta fara baƙi, ki dame biyu a cikin ƙullun, ki yanka dabino ƙanana ki watsa, ba ki buƙatar zuma ma. Gyaɗa soyayya a sama. Maganar oben kuma, yadda ake kek ɗin sallah kafin kowa ya mallaki oben: babbar tukunya, yashi mai tsabta ko duwatsu a ƙasa, ki bari ya yi zafi, ki ɗora kwanon a kai ki rufe. Wuta kaɗan-kaɗan. In gawayi ne ki ɗora 'yan garwashi a kan murfin don saman ya yi ja. Kada ki yi ta buɗewa.

Bilkisu:
Wannan ai na iya, haka mahaifiyarmu take yi. To acca fa? Ita ce muke da ita a nan a wadace. In na sa ta a madadin ots?

Anti Rabi:
Wani abinci ne daban za ki samu, ba wannan ba. Ots yana da wani yauƙi da yake fitarwa in ya jiƙa, shi ke riƙe abin tare da ƙwai. Acca warwarewa take yi. In za ki gwada ki fara turara ta, ki ƙara ƙwai ɗaya, ki rage madara sosai. In ya yi ki zo ki ba mu labari, in bai yi ba ma ki zo.

Sista Hadiza, Landan:
Na shigo a makare daga aikin dare, na karanta tun daga sama. Bari in zama mai ɓata biki kaɗan. Wannan yauƙin da Anti ta ambata shi ne amfanin ots ɗin, sunansa beta-gulukan. Shi ne ke taimakawa wajen rage kitsen jini, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa rubuta haka a jikin kwali tun 1997, a kan giram 3 a rana. Gashi ba ya kashe shi. To amma ina ganin abin da mutane ke yi. Sukari kofi guda, bota mai yawa, cakulan a sama, sannan a ce ana cin abincin lafiya don akwai ots a ciki. Wannan kek ne, a kira shi da sunansa. Ma'aunin Anti Rabi ba laifi, zuma cokali huɗu a abin da za a raba shida. Na Ummu Khalil ya fi.

Sai wanda ya yi tashe a TikTok a 2021, wanda ake niƙe ots ɗin a bilenda ya zama gari kafin a gasa. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma duk yadda aka ƙara niƙe hatsi, haka yake saurin zama sukari a jini, kuma yunwa ta fi saurin dawowa. Mai ciwon sukari ya tsaya a kan mai faɗi, ya auna abin da ya ci, kada ya ce ai zuma ce ko dabino ne ba sukari ba. Jini bai san wannan bambancin ba sosai.

Maman Hanif, autarki wata nawa?

Maman Hanif:
Wata tara, Sista. Ta fara cin abin hannu.

Sista Hadiza:
To ban da zuma, ko an gasa, sai ta cika shekara. Akwai ƙwayar cutar da kan ɓuya a zuma wadda hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, kuma zafin oben ba ya kashe ta. Ki ɗebi nata ƙullun kafin ki sa zuma da gishiri, ki gasa a ɗan kwano daban, zaƙin tuffar ya ishe ta. Gyaɗa guda-guda ma kada ta shiga nata, saboda shaƙewa.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri. Wallahi da na ba ta.

Hajiya Talatu:
Ni fa wata kalma ce ke ta yi min yawo. Kuna ta cewa kayan kaka, kayan kaka. Kaka a wurinmu sabon gero ne, ɗanyar gyaɗa, rake, dankali, kabewa ta cika kasuwa. Ku kuma naku kakar ganye ne ke zubewa. Suna dai aka ara.

Ummu Khalil:
Hajiya ai ba aro ba ne, su ma lokacin girbinsu ke nan. Kuma kin ambaci abin da muka haɗu a kai: kabewa. Yanzu haka duk ƙofar kanti a nan tsibi-tsibi ne nata. Ina gasa ta ko in turara, in dame, in sa kofi ɗaya a ƙullun, in rage madara zuwa kofi ɗaya da rabi. Kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi, kanumfari ɗan mitsitsi don yana da mulki. Kalar kaɗai ta isa. Gargaɗi ga na Amurka da Kanada masu sayen ta gwangwani: iri biyu ce a jere a kanta ɗaya, akwai zalla, akwai wadda aka riga aka zuba wa sukari da kayan ƙamshi. Na taɓa ɗauko ta biyun ban duba ba, na ƙara zuma a kai. Ko yara sun kasa.

Hajiya Talatu:
Kabewar miyar taushe? Da zuma? Da madara? La haula. Ku dai kun tafi da nisa.

Zainabu:
Hajiya idan kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza.

Hajiya Talatu:
Kiɗan ne ban ji ba, 'yata, rawar kawai nake gani.

Maryam, Ohayo:
Tambaya a gefe. Duk rubutun da na gani na wannan abin sai an ce a sa ruwan banila. Na duba kwalbar da na saya na ga an rubuta akwai giya a ciki. Ku ya kuke yi?

Anti Rabi:
Gaskiya ne, kuma ba kaɗan ba. A dokar Amurka ba a kiransa tsantsan ruwan banila sai yana da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na sinadarin giyar. Shi ya sa ba ki gan shi a ma'aunina ba. Akwai na gari, akwai wanda aka rubuta babu giya a jikinsa, akwai sandar banilar kanta in aljihu ya yarda. Shagunan Larabawa da 'yan Pakistan suna da na garin.

Fati:
Amma na ji wasu malamai sun ce ɗigon da ke shiga abinci ba ya sa maye, kuma wuta na cinye shi.

Sista Hadiza:
Wuta ba ta cinye shi duka, wannan dai na sani. Hukuncin kuma ba fagena ba ne.

Anti Rabi:
Ba fagen kowa ba ne a nan, kowa ta tambayi malaminta. Abin da ke fagena shi ne: in akwai kirfa da tuffa, ba mai neman banila. An rufe wannan.

Maryam:
Na gode. Ni a nan muna kusa da ƙauyukan Amish, mutanen nan masu keken doki da ba sa jan wutar lantarki gidajensu. A wurinsu na fara cin wannan abin, kuma a Amurka da su aka fi danganta shi, su da 'yan uwansu na Fensilbeniya. Nasu ba ya yankuwa kamar kek sosai. Da cokali ake ɗiba a zuba a kwano da zafinsa, a kwarara madara mai sanyi a kai. Sukari da mai kuwa ba sa tsoronsu, amma mutanen da ke wuni a gona ne. Don haka Hajiya ba ki yi nisa da gaskiya ba, a can ma ɗan uwan kunu ne.

Hajiya Talatu:
Yawwa. Ga mai gaskiya ta zo.

Ɗan Saskatun:
Anti, jajayen 'ya'yan nan masu tsami da ake sayarwa yanzu a leda, kiranberi, za su shiga?

Anti Rabi:
Sosai. Ɗanyu rabin kofi, suna fashewa a wuta su ba shi tsami nan da can. Busassun kuma an riga an jiƙa su da sukari, in su za ka sa ka rage zuma. Kai da kake Kanada ma ka sa ruwan mapul, mai zaƙin nan da ake tatsa daga itace, a madadin zumar, tunda Kebek ce ke yin mafi yawan na duniya. Ka duba dai ka tabbata na gaske ne, ba ruwan sukarin da aka yi wa kala ba. Farashin zai gaya maka.

Maman Amira, Abuja:
Salam, don Allah wane irin ots ake amfani da shi?

Fati:
Maman Amira ki hau sama, an yi bayani tun safe.

Maman Amira:
Saƙo ya fi ɗari, Fati, ki tausaya.

Fati:
Mai faɗi. Ba na ƙananan leda ba. Na gwangwanin da kuke samu a nan ma zai yi, ya ɗan fi laushi ne, ki rage madara kamar rabin kofi.

Maman Hanif:
Saura abu ɗaya. Zan iya haɗa ƙullun da daddare in gasa da safe? Ina son gidan ya tashi da ƙanshin.

Ummu Khalil:
Za ki iya, yana ma fin laushi don ots ɗin ya sha madara. Sai dai ki ajiye bakin fodar sai da safe ki barbaɗa ki juya. Amma ki yi lissafi: oben ya yi zafi minti goma, gashi arba'in, hutawa goma. Awa guda ke nan. Ke da kike neman sauƙin safiya?

Anti Rabi:
Abin da zan faɗa ke nan. Duk amfanin abin nan shi ne an gama shi tun jiya. In don ƙanshi ne ki bari sai Asabar. Ki gasa Lahadi bayan isha'i, ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba gumi zai jiƙa saman. Ki yanka shida, firij, kwana huɗu lafiya lau. Da safe yanki ɗaya, madara cokali biyu a kai, minti ɗaya a maikirowef. Wanda zai wuce kwana huɗu ki naɗe ɗaya-ɗaya ki sa a firiza.

Bilkisu:
Na dawo da rahoto. Na yi na ayaba da dabino a tukunyar yashi, ya ɗauki kusan minti hamsin, ƙasan ya ɗan kama amma ya ciwu, har maƙwabciya ta aiko a ƙara mata. Na acca kuma kada wanda ya tambaye ni. Kaji sun ji daɗi.

Hajiya Talatu:
Jikata ta karanta saƙonninku ta yi mana jiya. Alhaji ya cinye nasa tas, ya goge baki, ya ce to a kawo karin kumallon.

Maman Hanif:
Hajiya kin kashe ni da dariya a cikin bas. Ni ma ga nawa rahoton. Na bi ma'aunin Anti, na yi shimfiɗar Bramley ta Fati a ƙasa tunda saura uku a gidan, na gurza ɗaya irin na Ummu Khalil, na cire wa auta nata. Ya yanku! Ya tsaya a faranti da kansa. Matsalar ita ce maganar har Laraba ba ta taso ba. Babansu ya ci biyu tun daren, wai ɗanɗanawa yake, Hanif ya tafi da ɗaya makaranta, Litinin da yamma kwano ya koma wurin wanke-wanke. In na ninka komai biyu, lokacin wutar ma ninkawa zan yi?

Anti Rabi:
A'a, kada ki ƙona mana suna. Ki nemi kwano mai faɗi, irin santimita 23 da 33, don kaurin ya zauna yadda yake. Minti 40 zuwa 45. Ki girgiza kwanon kaɗan, in tsakiyar ba ta rawa ya yi. Kuma ki ɓoye rabi a firiza bayan ledar alayyafo, nan ne ba ya dubawa.